Gado da Kiwo: Abin da Fagen Kokawa Ya Koya Mana Kafin Zuwan Waya

A hutun ƙarshen shekarar karatu da ta wuce ƙanwata ta aiko a kira ni gidanta, a nan Ɗan Issa. Na tarar ta zuba wasu ƙwayoyi a kan faifai, ta ce a ƙarƙashin katifar ɗanta ta tsince su. Yaron shekararsa 16, yana kwaleji, dogo ne siriri kamar mahaifinsa, kamar kuma kakansa na wajen uba wanda na sani tun ina ƙarami. Da aka kira shi bai yi musu ba. Ya zaro waya ya nuna mini hoton wani saurayi mai ƙirji kamar an kifa ƙorai biyu, ya ce:

"Kawu, wata shida ke nan ina ɗaga ƙarfe. Abokina da muka fara rana ɗaya ya cika riga, ni kuwa ina nan kamar karan dawa. Shi ya sa na saya."

Na shafe fiye da shekara 30 ina koyarwa kafin in yi ritaya, kuma na san duk malamin da ke riƙe da ajin samari a yau ya taɓa jin irin wannan ƙorafi. 'Yan mata su ma suna da nasu, wata tana neman ƙiba, wata tana neman ragewa. Tambayar yaron nan halal ce: me ya sa mutum biyu za su yi aiki iri ɗaya, jikin ɗaya ya amsa, na ɗaya ya ƙi? Kakanninmu sun san amsarta tun kafin a kawo waya, kuma a fagen kokawa suka koye ta.

Lokacin da muke yara, kokawa abar kaka ce. Sai an yanke gero, an ɗaure dammuna, rumbuna sun cika, sannan za a ji kiɗa a dandali, samarin wannan gari su tafi wancan. Ba a kokawa a tsakiyar damina, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, domin kowa ya san ciki da yunwa ba ya ɗaga ƙato. Dattawan da ke zama a bakin fage kuwa, in sabon yaro ya shigo, kafin ya kama kowa sun gama karanta shi. Suna duban kaurin wuya, da faɗin kafaɗa, da wuyan hannu, da yadda ya kafa ƙafa, sai ka ji an tambaya ɗan gidan wa ne. In aka ce jikan wane ne, sai su gyaɗa kai, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amma waɗannan dattawa su ne kuma za ka ji suna faɗa wa ubangidan ɗan kokawa ya ƙara masa fura da nono, ya rage masa yawon dare. Sun san gado, sun san kiwo, kuma ba su taɓa haɗa su a matsayin abu ɗaya ba.

A 1975, shekara guda bayan Seyni Kunce ya karɓi mulki, aka shirya gasar kokawa ta ƙasa karo na farko a Tawa. Ina ɗan shekara goma, muka kewaye rediyon wani maƙwabcinmu muna sauraren Muryar Sahel. Wanda ya ɗauki takobin farko namu ne, Yakuba Kantu na Maraɗi, shi ya sa filin kokawar birnin Maraɗi yake ɗauke da sunansa har gobe. Bayansa aka yi su Salma Ɗan Rani na Doso, da Kadade na Tawa, da Langa-Langa na Damagaram, har zuwa zamanin Isaka Isaka na Doso da ya ɗauki takobi sau shida. A shekarar nan ta Kantu babu yaron da bai ɗaura ɗamara ba a unguwarmu, ni ma na ɗaura. A cikinmu duka babu wanda ya kai ko tawagar jiha.

Lissafin a fili yake. Jihohi takwas ne, kowace tana kawo 'yan kokawa goma, mutum 80 ke nan daga ƙasa mai miliyoyin samari, kuma takobi ɗaya ne. Waɗanda muke gani a talabijin an tace su tun daga ƙauye zuwa gunduma zuwa jiha, wato an riga an zaɓo waɗanda Allah Ya ba ƙashi da tsoka da saurin murmurewa, sannan suka ɗora wahala a kai. Wanda ya kalli zakara ya ce atisaye kaɗai ya kai shi nan, ya manta da ɗaruruwan da suka yi atisaye kamarsa aka ka da su tun a matakin gari. Duk da haka gasar takobi ba ta raba mutane bisa nauyi, kuma sau nawa muka ga matsakaicin mutum ya kai ƙato ƙasa da dabara da haƙuri. Gado ya ba kowa irin nasa makami, bai rubuta wa kowa sakamako ba.

Makiyayanmu da manomanmu sun fi kowa sanin wannan. Mai turkar ragon layya ya san in ya ɗaure Balami da ƙaramin rago na gida a turke ɗaya, ya ba su harawa da dussa daidai wa daida, ba za su fito da girma ɗaya ba. Ya kuma san Balamin da aka bari da yunwa yana ɗan tunkiya ba zai taɓa kai girman 'yan'uwansa ba ko an cika masa kwano daga baya. Saboda darajar iri ne aka kafa cibiyar kiwon jar akuya a Maraɗi, aka kuma yi tashar binciken noma a Tarna inda ake zaɓen irin gero. Ba mai hankalin da zai doki akuyarsa don ba ta zama saniya ba. Amma yaranmu kullum suna hukunta jikinsu don bai zama na wani ba.

Masana na waje sun zo sun auna abin da dattawan fage suke gani da ido. A 1990 wani malamin jami'a a Kebek ta ƙasar Kanada, Claude Bouchard, ya fitar da sakamakon wani gwaji da ya yi da tagwaye maza masu kama ɗaya, Hassan da Husaini har gida 12. An tsare su kwana 100 ana ba kowannensu ƙarin abinci na kalori 1,000 a kan abin da jikinsa yake buƙata, kwana shida a mako. Ƙarin iri ɗaya ne ga kowa, amma wani ya ƙara kilo 4 da 'yan kai, wani ya haura kilo 13. Abin lura shi ne Hassan da Husainin gida ɗaya sun fi kusa da juna a yawan ƙibar da suka yi, har da wurin da kitsen ya taru, in aka gwada su da tagwayen wani gida.

A ɓangaren tsoka ma haka ne. A 2005 wasu masu bincike a Amurka suka sa mutum 585, maza da mata, suna ɗaga ƙarfe da hannu ɗaya har mako 12 bisa tsari guda. Da aka auna ƙwanjinsu, wasu bai ƙaru ba ko kaɗan, wasu ya ƙaru da fiye da rabi, mafi yawa kuma suna tsakiya. Ƙarfi kuwa kusan kowa ya samu ƙari, har da da yawa daga cikin waɗanda ƙwanjin nasu bai kumbura ba. Tun 1997 aka gano wani sinadari a jiki mai suna mayostatin, wanda aikinsa taka wa tsoka burki. Akwai wasu shanu a Beljiyam da suka gaji lalacewar wannan burki, tsoka ta yi musu yawa har haihuwa tana yi musu wuya. Irin wannan a mutane abu ne mai wuyar samu ƙwarai. Ga yawancinmu, ɗaruruwan ƙwayoyin gado ne suke haɗuwa, kowace ta ba da ɗan kaɗan, shi ya sa 'yan'uwa ciki ɗaya ma sukan bambanta.

To, wannan shi ne kuskure na farko, wanda ɗan ƙanwata ya faɗa ciki: musun gado. Akwai kuskure na biyu da ya fi yi mana illa a wannan yanki, kuma mu manya ne muke yin sa, wato jingina wa gado abin da yunwa ta yi.

Tsofaffinmu sun ba mu labarin Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914. Ni da idona na ga ta 1984, wadda mutanen nan suka sa wa suna El-Buhari domin ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya, ga mu kuwa a bakin iyaka, hanyar Jibiya ita ce numfashinmu. Na kuma ga ta 2005, lokacin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar dubun dubatar yara masu tamowa a Nijar, jihar Maraɗi ce kan gaba, kuma Ɗan Issa na cikin wuraren da aka buɗe cibiya. A lokacin ne iyaye mata suka san madarar gyaɗar nan ta Plumpy'Nut. Bayan shekara shida ko bakwai yaran da aka haifa a wannan tsakani suka shigo ajinmu, da yawansu 'yan ƙanana, sai ka ɗauka an rage musu shekaru. In ka yi wa uwa magana sai ta ce, "Malam, haka danginmu suke, gajeru ne."

Sau da yawa ba haka ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi girman yara a ƙasashe shida, Ghana da Indiya da Brazil da Oman da Norway da Amurka, ta fitar da ma'auni a 2006. Abin da ta gano shi ne yaran da suka sha nonon uwa, suka ƙoshi, aka kare su daga cuta, girmansu kusan ɗaya ne har shekara biyar, ko ɗan Accra ne ko ɗan Oslo. Matan Koriya ta Kudu sun ƙara tsawo da kimanin santimita 20 cikin shekara ɗari, alhali jininsu bai canja ba, tukunyarsu da asibitinsu ne suka canja. Mu kuwa binciken abinci mai gina jiki da ake yi a Nijar ya sha nuna kusan rabin yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a jihar Maraɗi ma abin ya wuce rabi. Tsawon da yaro ya rasa daga cikin uwa zuwa shekara biyu da wuya ya dawo duka. Wa ya san Kantu nawa muka rasa a wannan hanya, yaran da suka gaji ƙashin zakaru amma koko tsararo ya yanke musu hanya?

Yunwar ƙuruciya tana da wani bashi kuma da take biyo mutum da shi. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1944 zuwa 1945, an yi yunwa mai tsanani a yammacin Holan. Da aka bi yaran da suke ciki a watannin farko lokacin yunwar, an tarar sun fi takwarorinsu yawan ƙiba da suka girma, da matsalar sukari da ta zuciya. Jikin da ya fara rayuwa cikin rashi yakan koyi ɓoyo. Saboda haka mutumin da ya tashi a ƙauye cikin wahala, ya koma Maraɗi ko Katsina ya samu zama a shago, ga shinkafa da mai da lemon kwalba, in tumbi ya fito masa da wuri kada a ce lalaci ne kawai.

Shi kuwa hoton da ke cikin wayar yaron nan yana da nasa tarihi. Gasar nuna tsoka ta fara ne a Landan a 1901, kuma in ka ga hotunan mutanen wancan lokaci, jikinsu bai fi na wani maƙeri ko mai haƙar rijiya da ka sani ba sosai. Abin ya canja bayan an fara sayar da magungunan ƙara tsoka irin su Dianabol a ƙarshen shekarun 1950. A 1976 aka fara gwajin su a wasannin Olamfik, a 1988 aka ƙwace zinaren ɗan tseren Kanada Ben Johnson saboda su. Arnold Schwarzenegger, wanda muka sani da Komando a gidajen kallon bidiyo, da bakinsa ya amsa cewa ya yi amfani da su a zamanin da yake gasa. Yanzu an ƙara da zaɓen haske, da tsuke ciki, da manhajar gyaran hoto. Wato yaro mai cin tuwon gero sau biyu a rana yana gwada kansa da mutumin da ya haɗa gado mai kyau, da nama kullum, da allura, da gyaran hoto. Kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa.

Ƙwayoyin da ke kan faifan ƙanwata ma ba na tsoka ba ne. Na kai su wurin wani ma'aikacin lafiya ya duba, ya ce irin waɗanda ake kira sha-ka-fashe ne, dexamethasone da wani maganin ƙaiƙayi mai buɗe ciki. Dexamethasone magani ne na gaske a hannun likita, amma wanda ya daɗe yana shan sa don ƙiba, fuska da ciki ne za su kumbura da kitse da ruwa, hannu da ƙafa su sirance, domin tsoka yake ci. Yana jawo ciwon sukari da hawan jini, yana raunana ƙashi, yana rage wa jiki ƙarfin yaƙi da cuta, kuma wanda ya daɗe a kansa bai kamata ya yanke shi rana ɗaya ba sai da shawarar likita. Alluran ƙara tsoka na ainihi kuwa, in yaro bai gama girma ba suna iya rufe masa ƙashi ya tsaya a tsawon da yake, ban da illa ga hanta da zuciya da haihuwa. Yawancin shayin rage ƙiba da ake tallatawa gudawa da fitsari yake sa wa, ruwa ne yake fita, kitse yana nan.

Mene ne gaskiyar abin da yaro zai sa rai da shi? Saurayin da ya balaga, yake atisaye da tsari sau biyu ko uku a mako, yake ƙoshi, yake barci sosai, in ya samu 'yan kilo na tsoka a shekararsa ta farko ya yi ƙoƙari, kuma kowace shekara ƙarin raguwa yake yi. Faɗin kafaɗa da tsawon ƙashi da surar tsoka ba sa canjawa da ƙarfe. Ƙarfi da juriya da lafiya kuwa kusan kowa yana samun su. Samari da yawa ba sa cika sai sun wuce shekara 20, don haka ɗan shekara 16 bai ma ga jikinsa na gaskiya ba tukuna. Abincin da ke gina tsoka yana kasuwarmu: wake, gyaɗa da ƙuli-ƙuli, awara, ƙwai, nono, fara, kifin tafkin Madarunfa, da zogale a miya. Mai son rage ƙiba kuma, rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne tafiyar lafiya, ta hanyar rage sukari da mai da yawan tafiya a ƙasa. Mai nauyin kilo 90 in ya sauke 5 zuwa 9 ya riƙe hakan, jininsa da sukarinsa za su shaida ko da madubi bai nuna sosai ba. Ba a zaɓar wa kitse inda zai fara barin jiki, wannan ma gado ne.

Ga 'yan'uwana malamai, abin da na koya a makare shi ne a filin motsa jiki a daina jera yara ana cewa wane ya fi wane. A rubuta abin da kowane yaro ya iya a farkon shekara, gudu ne ko tsalle, a sake aunawa a ƙarshe, a gwada shi da kansa na jiya. A hana sunayen tsokana irin su sillan kara da buhun gero, domin daga irinsu ne yaro yake tafiya wurin mai tallan magani. Darasin gado da ke cikin littafin kimiyya a koyar da shi da rago da akuya da gero, da kuma fagen kokawa, yara za su riƙe. In aka ga fuskar yarinya ko yaro ta kumbura cikin 'yan makonni, a kira iyaye cikin sirri.

Ga iyaye kuwa, babban aikin yana can baya, lokacin da ba wanda yake tunanin ƙwanji: abincin mai ciki, awon ciki, nonon uwa zalla wata shida, kunun da aka sa wa gyaɗa ko wake bayan nan, rigakafi, gidan sauro, da gaggawar zuwa likita in gudawa ta kama yaro. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sannan mu kula da bakinmu a kan 'ya'ya mata. Yarinyar da kullum ake ce mata ba ta da jiki, wa zai aure ta a haka, mu ne muka tura ta wurin sha-ka-fashe.

Ɗan ƙanwata bai daɗe da fara shan ƙwayoyin ba, ma'aikacin lafiya ya tsara masa yadda zai bar su. Na kai shi wurin wani tsohon ɗan kokawa na unguwarmu wanda yanzu sai da sanda. Tsohon ya kama wuyan hannunsa ya jujjuya, ya duba ƙafafunsa, ya tambayi ɗan gidan wa ne. Da aka faɗa masa sai ya yi dariya ya ce:

"Ɗana, kakanka bai taɓa ka da kowa ba. Amma a gayyar noma ba mai riga shi fita kunya, kuma ba a taɓa ganin ya zauna hutu kafin azahar ba. Gidanku dogon numfashi aka ba ku."

Yaron bai ji daɗin maganar ba a ranar, ba zan ɓoye ba. Har yanzu yana ɗaga ƙarfensa na siminti a bayan gida, kuma har yanzu rigarsa ba ta cika ba. Sai dai ya fara gudu da asuba a hanyar Madarunfa, kuma uwarsa ta ce kwanon wake ba ya kwana in yana gida. Wata uku da suka wuce ya zo ya gaya mini ya rage minti biyu a kan lokacinsa na farko, na rubuta masa a bangon littafi don mu gwada da na baɗi, in Allah Ya kai mu.

Allah Ya raya mana zuri'a cikin lafiya, Ya ba mu ikon sauke nauyinsu.